Bayan an tashi daga aiki, wa ke da ikon cewa a buɗe get?

Ƙarfe takwas da rabi na dare, an idar da sallar isha'i, mota ta tsaya a bakin get ɗin wani ofishi ana ta danna hon. Baba mai gadi ya leƙo ta ƙaramar ƙofa da tocila a hannu. Wani matashi ya sauke gilashi.

"Baba, sannu da aiki. Yallaɓai ne ya aiko ni, ya manta wani fayil a kan teburinsa."

"Ranka ya daɗe, an ce kada a bar kowa ya shiga bayan ƙarfe shida."

"Haba Baba, ni fa ƙanensa ne. Ko in kira maka shi?"

Irin wannan ja-in-ja ana yin ta kusan kowane dare a ƙofofin ma'aikatu da bankuna da kamfanoni. Takardar da ake mannawa a bakin get ba ta wuce layi ɗaya ko biyu: ba shiga bayan an tashi, sai da izini. Ba ta faɗin izinin wa. Ba ta faɗin wane ne baƙo. Ba ta kuma gaya wa mai gadi abin da zai yi idan wanda ya kafa dokar ne da kansa ke son a karya ta. Daga nan ruɗanin ke tasowa, ma'aikaci yana ganin an wulaƙanta shi, baƙo yana ganin an raina shi, mai gadi kuma gaba kura baya sayaki.

## Kalmomin da ake zaton kowa ya gane

A ofisoshin gwamnatin tarayya, aiki daga ƙarfe 8 na safe ne zuwa 4 na yamma, Litinin zuwa Juma'a. A jihar Kaduna tun watan Disambar 2021 aka mayar da yawancin ma'aikatan jiha zuwa ofis kwana huɗu a mako, don haka ranar Juma'a a can wani ofishin a rufe yake, alhali maƙwabcinsa na tarayya yana buɗe. Banki yana rufe ƙofa ga masu hulɗa da la'asar, amma ma'aikatansa sukan kai dare suna daidaita lissafi. Asibiti da gidan rediyo da masana'antar da ke aikin kwana ba sa rufewa sam. Ke nan "bayan an tashi" ba agogo kaɗai ke nuna shi ba. Lokaci ne da mutanen da suka san fuskoki suka tafi gida: mai karɓar baƙi, sakatare, masinja, da abokan aikin da za su ɗaga kai su ce, "Malam, wa kake nema?" Da rana idanu ɗari ne ke tsaron ofis ba tare da an sa su ba. Da dare sai idanu biyu ko huɗu, su ma a gajiye.

Kalmar "baƙo" ta fi wuya. Mai neman aiki da ɗan talla an san matsayinsu. To matar ma'aikaci da ta kawo masa abincin buɗa-baki yana aikin dare fa? Mai gyaran janareta da ba a iya kira sai wuta ta ɗauke? Masu shara, waɗanda aikinsu ma sai an watse yake farawa? Direban oga? Ma'aikacin da aka sallama makon jiya, wanda katinsa na wuyansa har yanzu, kuma mai gadi ya saba gaisawa da shi shekara goma? A wurin masana tsaro, duk wanda ba a ba shi damar zama a wannan wuri a wannan lokaci ba, baƙo ne, ko da sunansa na cikin takardar albashi. Akantan da ya dawo ƙarfe goma na dare ranar Asabar, baƙo ne a ofishinsa har sai wani ya amince da zuwan nasa.

Sai "izini". Abubuwa ne daban-daban da ake cuɗawa wuri guda. Sanin ko waye mutum daban, sanin ko an yarda ya shiga daban, sanin inda zai tsaya idan ya shiga shi ma daban. Katin shaida yana amsa tambaya ta farko kawai. Matashin da ke cikin mota zai iya nuna katin ɗan ƙasa na gaske, ya kuma kasance ƙanen Yallaɓai na gaske, duk da haka babu abin da ya ba shi damar buɗe durowar da takardun albashin mutane ke ciki.

## Daga zaure zuwa shingen kankare

Tsare ƙofa da dare ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Biranen da ke da ganuwa, irin Kano da Katsina da Zariya, ana rufe ƙofofinsu idan rana ta faɗi, kowace ƙofa da Sarkin Ƙofarta, fataken da dare ya riske su a waje kuma sai su jira gari ya waye. A gida ma zaure ne iyakar baƙo, daga nan zai tura yaro ya ce ana sallama da maigida. Addini ya ƙarfafa wannan: Suratun Nur ta hana shiga gidan wani ba da izini ba, ta kuma ce idan an ce a koma to a koma. Sai dai al'adar da ta gina zaure ita ce kuma ta ce baƙonka annabinka, ita ce ta sa mayar da babba daga bakin ƙofa ya zama abin kunya. Mai gadin ofis yana ɗauke da tarbiyyar nan biyu, masu son kutse kuma sun san wadda za su taɓa.

Tsananin da ake gani yau ya samo asali ne daga shekarun 2011 da 2012. Ranar 16 ga Yunin 2011 bam ya tashi a harabar hedikwatar 'yan sanda a Abuja, daga wata mota da ta bi bayan ayarin Sufeto Janar na lokacin, Hafiz Ringim, ta shige. Ranar 26 ga Agustan shekarar wata mota ta ratsa ƙofofin ginin Majalisar Ɗinkin Duniya a Abuja, mutum sama da 20 suka rasu. Sai harin 20 ga Janairun 2012 a Kano, wanda ya ci rayuka fiye da 180. Bayan nan ne shingayen kankare da na'urar laluben jiki da buɗe but ɗin mota suka zama ruwan dare. Abin lura a harin hedikwatar 'yan sanda shi ne ba get aka karya ba. An buɗe wa babba ne, wani ya bi sahu.

Akwai kuma tsohon tsoron gobara. Tun da dogon benen kamfanin sadarwa na NET ya kama da wuta a Legas a Janairun 1983, duk lokacin da ofishin kuɗi ya ƙone sai jita-jita ta cika gari cewa takardu ake son ɓatarwa. Haka aka yi a Afrilun 2020 da wuta ta tashi a ofishin Babban Akanta na Tarayya, lokacin da Abuja ke cikin kullen korona. Ko zargin gaskiya ne ko ƙarya, tambayar farko da mai bincike zai yi ɗaya ce: su wa ke cikin ginin, yaushe suka shiga, wa ya bar su? Ofishin da ba ya rubuta shiga da fita ba shi da abin wanke kansa, ko da wayar wuta ce kawai ta haɗu.

## Dare biyu a Amurka

Misalai biyu da masu koyar da aikin gadi ke yawan kawowa sun nuna yadda abin ke rataye a wuyan mutum ɗaya.

Cikin daren 17 ga Yunin 1972, wani mai gadi ɗan shekara 24 mai suna Frank Wills yana zagayen ginin Watergate a birnin Washington, sai ya ga an liƙa salatif a harshen kubar wata ƙofa don kada ta kulle. Ya ɗauka ma'aikata ne suka bari, ya cire, ya wuce. Da ya sake zagayowa ya tarar an mayar da wani. Bai tsaya neman ba'asi ba, ya kira 'yan sanda, ya kuma rubuta a littafin gadi. Aka kama mutum biyar a ofishin jam'iyyar Democrat. Zaren da aka ja daga nan shi ya kai ga murabus ɗin Shugaba Richard Nixon a watan Agustan 1974. Littafin gadin yana ajiye a ma'adanar tarihi ta ƙasar.

Na biyun ya faru ne a birnin Boston ranar 18 ga Maris 1990. Bayan ƙarfe ɗayan dare, wasu mutum biyu sanye da kayan 'yan sanda suka danna ƙararrawar gidan adana zane-zane na Isabella Stewart Gardner, suka ce an kira su kan wata hayaniya. Ƙa'idar gidan ta hana buɗe wa kowa da dare, amma mai gadin ya ga kaki ya buɗe. Suka ɗaure shi da abokin aikinsa, suka shafe minti 81 a ciki, suka fita da kayan tarihi 13 da aka ƙiyasta kuɗinsu ya kai dala miliyan 500. Har yau ba a gano su ba. Ba su zo da guduma ko tsani ba. Sun zo da kama da masu iko, irin wadda ƙaramin ma'aikaci ke jin nauyin ce mata a'a.

Wanda ya san yadda ake shiga ofisoshinmu da babbar riga da gilashi mai duhu da "ka san ko ni waye?" ba ya buƙatar a fassara masa wannan labari.

## Masu cewa a kulle, masu cewa a sassauta

Masu ra'ayin a rufe ruf suna cewa doka mai sauƙi ita ce ake iya bi. Da zarar an ce "sai dai in", an ba mai gadi aikin alƙalanci da tsakar dare, shi kaɗai, gaban wanda ya fi shi kuɗi da iya magana. A ganinsu duk wani togiya ƙofa ce, kuma yawancin satar ofis da hannun na ciki a ciki, sai da ɗan gari akan ci gari. Bankuna da sito-sito da ofisoshin jarrabawa sun fi karkata nan, har wasu kan raba makullin ɗaki mai muhimmanci tsakanin mutum biyu, ta yadda ɗaya ba zai iya buɗewa shi kaɗai ba.

Masu sassauci suna cewa dokar da ba ta dace da yadda ake aiki ba, karya ta za a yi, kuma a ɓoye. Injiniyan intanet sai an tashi yake iya taɓa na'urori. Tirelar kaya daga Legas ba ta san ƙarfe shida ba. Idan famfo ya fashe a hawa na uku daren Asabar, ba a jiran Litinin. Inda aka hana komai a takarda, sai a koma lallaɓa mai gadi da na goro, a shiga ba rubutu ba shaida. A nan hujjarsu tana da ƙarfi: shigar da aka amince da ita aka rubuta ta fi aminci a kan wadda aka hana a baki ake yi a sace.

Akwai ɓangare na uku da suka dogara da na'ura: katin da ake karawa a ƙofa, na'urar karanta yatsa, kyamarorin tsaro. Na'ura ba ta jin kunya, ba ta karɓar cin hanci, kuma ana iya saita katin ɗan kwangila ya yi aiki daga ƙarfe bakwai zuwa goma na dare ɗaya tak, sannan ya mutu. Matsalarta a nan ƙasar sananniya ce. Idan aka ɗauke wuta, janareta kuma ana kashe shi da an tashi don tsimin dizal, sai a tarar an tokare ƙofar lantarki da bulo. Kyamarar da ba mai kallo tana amfani ne bayan ɓarna ta auku. A Landan ma, lokacin hutun Ista na 2015, ƙararrawar ma'ajiyar gwala-gwalai ta Hatton Garden ta kaɗa, 'yan sanda ba su je ba, mai gadi ya duba daga waje ya koma gida, ɓarayi kuwa suna ciki suna huda bango. Dogon hutu irin na Sallah ko Kirsimeti shi ne lokacin da ofis ya fi zama marar mai shi.

Inda wuraren aiki masu tsari suka fi tsayawa shi ne tsakiya. Wanda zai karɓi baƙo bayan an tashi ya sanar tun da rana, sunan ya isa get a rubuce da hannun jami'in da aka ware. Mai masaukin ya fito da kansa ya shigar da baƙonsa, ya kuma rako shi. Don larurar gaggawa a ajiye lambar waya ɗaya ko biyu a ɗakin gadi. Nan akwai wata ƙaramar dabara mai muhimmanci: mai gadi ne zai kira lambar da ke hannunsa, ba baƙo ne zai miƙo masa waya ya ce ga Yallaɓai ba. Murya a wayar wani ba shaida ba ce.

## Littafin baƙi ya shiga hannun doka

Wannan dogon littafi mai baƙin bango da ke kan teburin get, wanda aka ɗaura wa biro da zare, yanzu akwai doka a kansa. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar kare bayanan jama'a ta ƙasa, NDPC. Suna da lambar waya da lambar mota da hoton fuska duk bayanan mutum ne a ƙarƙashinta. Dokar ta ce a karɓi iya abin da ake buƙata, don dalilin da aka bayyana, a adana shi da kyau, kada kuma a riƙe shi fiye da lokacin da ya kamata. Tarar manyan masu sarrafa bayanai takan kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Na ƙanana kuma naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari. Nijar da Gana ma kowacce tana da irin wannan doka da hukumarta.

Dokar ba ta hana ofis tambayar sunan baƙo ba, tsaro dalili ne karɓaɓɓe. Inda ake iya samun matsala shi ne littafin da ke buɗe, wanda duk mai sa hannu ke karanta sunaye da lambobin mutum ashirin da suka riga shi. Macen da ta rubuta lambarta a get, da dare ta fara samun kira daga wanda ba ta sani ba, ta san illar wannan. Haka nan neman lambar NIN ko ɗaukar hoton katin mutum don kawai zai miƙa kwanon abinci, abu ne da zai yi wuyar karewa a matsayin buƙata. Shi ya sa wasu wuraren suka koma ba kowane baƙo 'yar takardarsa daban, ko mai gadi ya riƙa rubutawa da kansa.

## Hana shiga daban, hana fita daban

Akwai kuskuren da ya fi sata muni. A watan Satumbar 2002 wuta ta tashi cikin dare a wata masana'antar roba da ke Ikorodu a jihar Legas, gomman ma'aikatan kwana suka mutu, rahotanni kuma suka nuna an kulle su ne daga waje. Bayan shekara goma, a Satumbar 2012, mutum sama da 250 suka ƙone a wata masana'antar tufafi a Karachi ta Pakistan, inda aka tarar da ƙofofin fita a garƙame, tagogi kuma da ƙarafa. Tsoron kada a saci kaya ne ke sa a sa kwaɗo, kwaɗon kuma bai san ɓarawo da mai gudun wuta ba. Ƙa'idar da masana gini da 'yan kwana-kwana suka yarda da ita ita ce ƙofa ta ƙi buɗuwa daga waje, amma ta buɗu daga ciki ba tare da makulli ba. Littafin get ma yana da aiki a nan. Idan gobara ta tashi ƙarfe biyun dare, da shi za a san ko mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki da ya shiga ƙarfe tara ya fito.

## Wanda nauyin ke kansa

Dokar kamfanonin gadi masu zaman kansu ta 1986 ta hana masu gadi riƙe bindiga, hukumar Sibil Difens ce kuma ke sa ido a kan kamfanonin. Yawancin masu gadin ofisoshi ba ma'aikatan ofishin ba ne, kamfani ne ya turo su, wasu kuma tsofaffin sojoji ne ko dattawan da aka ɗauka da baki. Awa goma sha biyu a tsaye abu ne da aka saba. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a Yulin 2024, amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma da yawan masu gadi ba sa ganin wannan adadi. Mutumin da ya fi kowa ƙarancin albashi a gini shi aka ɗora wa cewa a'a ga waɗanda kiran waya ɗaya daga gare su zai iya raba shi da aikin.

Idan ya hana, gobe a ce ba shi da ladabi, a nemi kamfani ya canza shi. Idan ya bari kwamfuta ta ɓace, shi za a fara kaiwa caji ofis. Wannan ne ya sa nagartar kowane tsari take komawa ga tambaya ɗaya: shin dokar ta hau kan shugaban wurin? Inda manaja ke tsayawa ya sa hannu a littafi idan ya dawo da dare, mai gadi yana da abin nuna wa kowa. Inda manaja ke wucewa da hon, takardar bakin get ado ce.

## Abin da ya shafi sauran jama'a

Ga ƙaramin ma'aikaci, tsarin da aka rubuta kariya ce, ko da yana da takura. Wanda sunansa ke nuna ya fita ƙarfe biyar da minti goma ba za a jingina masa abin da ya ɓace da tsakar dare ba. Wanda ya ji rauni yana aikin da aka amince masa bayan an tashi, ya fi samun sauƙin neman diyya a ƙarƙashin dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 idan akwai shaidar cewa aiki ne ya kai shi. Mata masu aikin dare, irin ma'aikatan jinya da na gidajen rediyo, su suka fi amfana da sanin cewa ba kowa ke yawo a farfajiya ba.

Waɗanda suka fi jin jiki su ne masu ƙananan sana'o'i: mai gyaran wuta, mai kawo abinci, ɗan sahun da aka aiko da saƙo. Ba su da katin kamfani, ba su da wanda zai tsaya musu, kuma duk awar da suka ɓata a bakin get daga cinikinsu take fita. Abin da ke rage musu wahala shi ne wanda ya kira su ya kai sunansu get tun kafin su iso, su kuma su riƙe lambarsa da wani katin shaida. A asibitoci abin ya fi sarƙaƙiya, domin 'yan uwa ne ke jinya da kawo abinci da sayo magani cikin dare, shi ya sa wasu ke ba mai jinya ɗaya kati na musamman maimakon rufe ƙofa gaba ɗaya.

Shi kuwa matashin da ke cikin mota, a ofishin da ya tsara abinsa maganar ba za ta wuce minti biyar ba. Baba mai gadi zai koma ɗakinsa, ya kira lambar da aka rubuta masa a bango. Idan Yallaɓai ya tabbatar, abokin gadinsa ne zai hau ya ɗauko fayil ɗin, ko su hau tare, a rubuta lokaci da sunan wanda ya karɓa. Idan wayar ba ta shiga ba, fayil zai kwana a kan tebur, da safe kuma ba wanda zai kira Baba ofis ya tambaye shi dalili.